Baba Mai Gyaran Janti da Shekarar da Baffa Ya Zo Daga Droum

Daga Allah muka zo, kuma wurinSa za a koma. Mahaifinmu ya riga mu tafiya ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinsa na cikin Birni, nan Damagaram, bayan jinyar da ba ta cika wata biyu ba. Kafin la'asar an sallace shi, an kai shi makwancinsa.

Ni 'yarsa ce ta uku, malamar lakwal, wato makarantar boko, kuma ni ce na zauna kusa da Inna, mahaifiyarmu, duk kwanakin zaman makoki. Don haka na ji abin da masu gaisuwa suka riƙa faɗa. Direbobin tasha sun zo a ƙungiya, suka jera motocinsu har 'yan garuwa suka rasa ta inda za su bi. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ta shekara ashirin tana ƙorafin ƙarar gurzar ƙarfe ta bayan katangarta, ta shigo tana share hawaye da bakin mayafi.

"Yau na tashi na ji shiru," in ji ta, "sai na ji kamar ni ce na kurumce."

A rana ta biyu wani Alhaji ya iso daga Kano, dillalin motoci ne da ya daɗe yana kasuwanci a garin nan. Ya nemi izinin gaida Inna, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya yi addu'a mai tsawo. Da ya shafa sai ya ce, "Hajiya, mutum ɗaya ne ya taɓa kora ta da kayana a Damagaram, kuma duk garin babu wanda na fi so kamarsa."

Inna ta ɗago kai. "Ai ba korar ka ya yi ba, Alhaji. Kai ka yi fushi ka kwashi kayanka."

Mata suka yi dariya a tsakiyar makoki, har Alhajin ma ya yi, yana goge ido.

Wanda ya ware kansa shi ne Baffa, ƙanin Baba, manomi a Droum. Shi ya yi wa Baba wanka. Bayan an dawo daga maƙabarta bai zauna kan tabarmar karɓar gaisuwa ba, ya wuce ƙarƙashin rumfar da Baba ke aiki, ya zauna kan ɗan turmin da aka kife, ya ɗora hannuwansa kan gwiwa yana kallon su. Duk wanda ya ce masa ya yi haƙuri, amsarsa ɗaya ce: "Yaya ya huta."

Na lura jikokin gidan nan abin da suka sani game da kakansu bai wuce tsoho mai goge ƙarfe ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, tun kafin mu da muka san shi mu ma mu bi bayansa.

Baba zuriyar maƙeran farfaru ne. Kakansa da mahaifinsa mundaye da zobban azurfa suka ƙera. Shi kuwa bai zauna a maƙera ba, tuƙi ya koya, ya zama direban wani sarwis, wato ma'aikatar gwamnati, ya yi shekaru yana kai manyan ma'aikata Yamai da Agadas da Difa. Lokacin da ya ajiye aiki ya yi daidai da lokacin da tsofaffin motocin Turai suka fara cika gari, masu fararen janti. Janti shi ne ƙarfen ƙafar mota, wanda ake ɗaura taya a kansa. Na da baƙin ƙarfe ne. Na waɗannan motoci kuwa alminiyam ne, masu yatsu biyar ko bakwai, amma suna isowa a dushe, sun yi tabo, gefensu duk gurzuwar dakalin titi. Wata rana Baba ya ga ɗaya an jefar a garejin wani abokinsa, ya ɗauko shi gida. Kwana uku yana kansa. Da ya mayar, mai garejin ya rantse ba shi ne wanda aka ɗauka ba. Daga nan aiki ya same shi har gida, bai taɓa kafa allo a ƙofa ba.

Yadda yake aikin kuwa na iya shi a ka, don na gan shi sau ba adadi. Sai an kwance taya an kawo masa ƙarfen zalla. Ya wanke baƙar ƙurar burki da sabulu da soso, ya kankare tsohon fenti, ya bi bakin da magagari inda titi ya ci. Sannan ya shiga takardar gurza, daga mai kaushi zuwa mai laushi, iri biyar ko shida, yana tsoma ta a ruwa yana gurzawa, kowace takarda ta share sawun ta gabanta. Daga ƙarshe ya kwaɓa niƙaƙƙen alli da ɗan mai, yadda ya ga mahaifinsa na yi wa azurfa, ya shafa, ya yi ta murzawa da tsumma har tsumman ya yi baƙi ƙirin, ƙarfen kuwa ya yi fari fat. Ba ya cewa ya gama sai ya fito da shi tsakar gida ya juya shi a rana.

"Wanda ya tsallake takarda ɗaya," yakan ce, "rana za ta tona shi."

Wata maganarsa kuma ita ce, "Ƙarfe ba ya ƙarya, fenti ne maƙaryaci."

Ni yana kira na Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. In na dawo daga lakwal sai ya ɗaga janti ya ce, "Uwata, zo ki gyara ɗaurin ɗankwalinki, ga madubi kyauta." Ba zan ce ba shi da aibi ba. Yana da taurin kai, ba ya zuwa likita sai an yi kamar za a ɗauke shi, kuma ya addabi Inna da satar tsofaffin zannuwanta. A wurinsa babu tsumman da ya kai atamfar auduga da ta sha wanki. Sau nawa Inna ta shanya zane ta dawo ta tarar an yage gefe.

"Malam, wannan zanen ina ɗaura shi fa!"

"Ai na ga ya gaji ne, na ce bari ya huta."

"Kai ne dai ba ka gajiya da ɓarna."

Haka suka yi ta yi har tsufa, kuma ban taɓa ganin ta ɓoye zannuwan a akwati ba.

Amma in ana son a san Baba, sai an koma shekarar farin nan da damina ta ɗauke gero yana iya gwiwa, abin da rana ta bari kuma fara ta ƙarasa. A shekarar an tura maigidana aiki Agadas, ni kuma na dawo gida da goyo. Duk wanda ya san Damagaram ya san ruwa a wurinmu ba abin wasa ba ne ko a shekara mai albarka, balle wannan. Pampo sai ya yi kwanaki bai ɗiga ba. Ran da ya zo, layin bido, wato jarkokin ruwa, ya kai ƙarshen unguwa.

Tsakiyar rani Baffa ya iso a amalanken aro, da matarsa da 'ya'yansa huɗu, da tabarmi da tukwane. Na tuna yana riƙe da igiyoyin shanu a naɗe, ya rasa inda zai ajiye su. Shanun babu ko ɗaya. Baba ya tarye shi a zaure, ya karɓi igiyoyin ya rataye a ƙusa, ya ce, "Sannu da hanya, Auta. Shigo, gidanku ne." Ko da furfura ta cika gemun Baffa, Baba bai taɓa kiran sa da wani suna ba sai Auta.

Baffa mutum ne da bai saba zama ba. A garinsu kafin rana ta fito ya riga ya kai gona. Nan kuwa sai ya wuni a zaure, a kawo masa abinci ya ci kaɗan ya ture kwano. Ba ya son ya haɗa ido da Inna in tana rabon tuwo. Kullum fuskarsa ƙara rufewa take.

Ranar da abin ya fashe, ni da matar Baffa mun tsaya a layin pampo tun bayan asuba, muka dawo da hantsi da bido biyu kacal. Muna shigowa Baba na zaune ƙarƙashin rumfa, ya tsiyaya ruwa a kwanonsa na aiki, ya tsoma takarda ya fara gurza. Baffa ya taso daga zaure ya tsaya a kansa.

"Yaya, ruwa ne wannan?"

"Ruwa ne, Auta."

"A wannan shekarar?"

Baba ya dakata da gurzar.

"Shanuna da hannuna na ja su bayan gari ɗaya bayan ɗaya, harshensu a waje," in ji Baffa. "Ta ƙarshen tana lasar gindin randa ta faɗi. Mata sun tsaya tun duhu don bido biyu. Kai kuwa kana nan kana yi wa ƙafar mota wanka, don wani mai kuɗi ya ga fuskarsa a ciki!"

Sai ya sa ƙafa ya ture kwanon. Ruwan ya malale, ƙasa ta shanye shi nan take.

A gidanmu ba a taɓa ganin ƙane ya ɗaga wa wa murya ba. Na buɗe baki zan yi magana, don na san abin da Baffa bai sani ba, amma Baba ya dube ni, na yi shiru. Ya ɗauki kwanon ya kife, ya jawo buhu ya rufe jantin, ya goge hannunsa da yashi.

"Ka yi gaskiya, Auta," ya ce. "Wanda ya ga abin da ka gani ba a yi masa gardama."

Ya tashi ya tafi masallaci. Daga ranar bai ƙara taɓa aiki ba.

Kwana huɗu rumfar na rufe. Masu motoci su zo, ya ce su yi haƙuri. Ba fushi yake ba, yana gaisawa da Baffa kamar kullum, yana wasa da yara. Amma gidan nan bakuna sun yi yawa, kuma abin da ke ciyar da su duka daga rumfar nan yake fitowa. Tuwon dare ya koma kunu. Rana ta huɗu kunun ma ya tsinke.

Inna ce ta ɗauki matakin. Tsakaninta da Baffa akwai wasan ƙanin miji tun tana amarya, don haka tana iya faɗa masa abin da wani ba zai iya ba. Baba na fita ta leƙa zaure.

"Auta, taso ka ga kogin da yayanka ke ɓarna da shi."

Ta kai shi bayan rumfa, ta buɗe wasu ƙananan tuluna uku da ke jere. Na farko ruwa ne mai toka-toka kamar dagwalo. Na biyu ya fara kwanciya. Na ukun ya ɗan washe, amma ko akuya ba za ta sa baki ba.

"Ruwan wankin kwanuka ne da na alwala," in ji Inna. "In ya gama aiki ya juye nan, ya kwanta, ya tace ya mayar can, gobe ya sake. Wanda ka zubar ɗin nan ya fi wata yana zagayawa. Tun da fari ya shigo bai taɓa ɗibar ko moɗa ɗaya a randar sha ba."

Baffa ya tsaya yana kallon tulunan.

"To don me bai faɗa mini ba?"

"Kai ba ka san yayanka ba? Ya ga zuciyarka cike take, ya bar ka ka zubar. Ba gori nake maka ba, Auta, Allah ya sani, gidan nan naka ne kamar yadda yake nasa. Amma geron da ke shiga bakin 'ya'yanka da nawa daga ƙafar motar nan yake fitowa. Ka rufe rijiya, to sai ka nuna mana inda za mu sha."

Washegari da sassafe aka nemi Baffa aka rasa. Matarsa ta shiga damuwa, tana tsoron ko ya kama hanyar Droum a ƙasa don kunya. Sai da rana ta take ya dawo, bido a kafaɗa, rigarsa sharkaf da gumi. Can bayan gari ya je, wani kududdufi tsakanin duwatsu da ya rage ɗan ruwa kore wanda ba mai sha. Ya dire bidon gaban Baba.

"Yaya, wannan ba na sha ba ne."

Baba ya buɗe ya sunsuna, ya yamutse fuska. "Lalle kuwa ba na sha ba ne." Ya jawo wani tsohon zanen Inna ya tace ruwan, ya yaye buhun da ya rufe janti, ya kife turmi kusa da shi. "Zauna. Ka zo a kan gaɓa, dama kafaɗar nan tawa ta fara ba ni labari. Ga mai kaushin, kai za ka fara, ni in bi bayanka."

Ban ji an ce a yafe ba, ban ji an ce an yafe ba. Iyakar abin da ya faru ke nan.

Hannun Baffa hannun fartanya ne. Kwanakin farko sai ya danna takarda har ta yi rami a ƙarfe.

"Auta, ba huɗa kake yi ba. Sassauta."

"To ai in ban danna ba, ba ya ji."

"Yana ji. Ƙarfen nan ya fi ka laushin zuciya."

Cikin mako biyu ya gane. Ya zama shi ke wanki da kankara da takardu masu kaushi, Baba na ƙarasawa. Aikin da ke cin kwana uku ya koma kwana ɗaya da rabi. Baffa ya fara cinye tuwonsa, har ya nemi ƙari. In na dawo daga lakwal nakan tarar da su biyun, hannuwa baƙi har gwiwar hannu, suna gardamar wace shekara ce mahaifiyarsu ta kore su da muciya don sun saci ƙuli, kowa na cewa ɗan'uwansa ne ya fara. Abin mamaki, in na waiwaya, shekarar da ta fi kowace tsanani ita ce wadda na fi jin dariyar Baba a cikinta.

A cikin wannan hali Alhajin Kano ya kawo janti huɗu na wata babbar mota. A lokacin shi ne ya fi kowa kawo aiki. Baba na da al'ada, kafin ya taɓa kowane janti sai ya rataye shi da igiya a azarar rumfa, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan katako. Lafiyayye yakan yi amo mai tsawo kamar ƙararrawa. Uku suka amsa. Na huɗun ya yi wani guntun sauti ya mutu. Baba ya sauke shi, ya wanke cikinsa, ya bi da babban yatsa har ya tsaya a wani wuri. Tsaga ce siririya kamar gashi.

"Alhaji, wannan ya tsage."

Alhaji ya duƙa ya duba. "Wannan ɗan abin? Baba, a cike shi a shafe, a goge. Wa zai gani?"

"Hanya za ta gani."

"Na riga na gama magana da mai saye, jibi zai zo. Irin wannan jantin kuma babu shi a garin nan."

"Ukun nan zan yi maka su har ka aske gemu a ciki. Na huɗun ba zai fita gidan nan da ƙyalli ba. Na yi tuƙi, Alhaji, na san abin da ƙafa ke yi in ta fashe ana gudu."

Alhaji ya miƙe, ya gyara hula. Ya dubi tsakar gida inda yara ke zaune, sannan ya rage murya. "Baba, shekarar nan ba ta taurin kai ba ce. Ga baƙi a gidanka. Akwai mai injin gogewa a tasha da zai yi mini wannan kafin la'asar, kuma in na kai masa wannan, sauran ma can za su bi."

Ina tsaye a bakin madafa, na ga Baba ya bi yaran da kallo. Ya san 'ya'yan wa ake nufi. Sai ya juya wurin ƙaninsa.

"Auta, kai ma da hannunka a aikin nan, kuma da bakinka a tukunyar nan. Me ka ce?"

Baffa ya ajiye takardar da ke hannunsa. "Ni dai na taɓa sayen sa a kasuwa, an shafe masa ciwo da toka. Har yau ban manta fuskar dillalin ba."

Alhaji ya juya. Ya sa aka kwashe jantin huɗu aka zuba a mota, ya tafi ko sallama babu.

Makonnin da suka biyo baya sun yi wuya, ba zan ɓoye ba. Garin rogo da zogale da ɗan ƙuli muka riƙa ci, wani lokaci sau ɗaya a wuni ga manya. Baba ya karɓi duk abin da ya samu, ƙarafan babur, farantai, har butar shayi. Inna kuwa ba ta raga masa ba.

"Malam, gaskiyar nan taka ba ta tuƙuwa a tukunya."

"Ki ƙara mata ruwa, za ta tuƙu."

"Wane ruwan? Na tulunka?"

Ya yi dariya, ita ma ta juya baya don kada ya ga tata.

Bayan fiye da wata guda, wata safiya muka ji tsayuwar mota. Alhaji ne, da janti takwas, da ƙunshin goro. Ya gaida Baba kamar jiya suka rabu. Baba ma bai tambaye shi kome ba. Sai da aka gama sauke kaya ya koma mota ya fito da na tara, wanda ya tsage, an cike shi an fesa masa fenti mai ƙyalli.

"Na sa an yi, har an ɗaura," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Ranar da mai saye ya zo, sai ya zo da matarsa da 'yan yaransa su ga mota. Suka hau baya suna tsalle. Na ce masa ya ba ni mako guda, na aika Kano aka nemo wani. Wannan kuma ga shi, Baba, ka yi yadda ka ga dama da shi. Ba na son in ƙara ganin sa."

"Allah ya yi maka albarka, Alhaji," in ji Baba. "Auta, kawo wa baƙo tabarma."

Jantin nan Baba ya kai wa masu narka alminiyam, suka zuba masa babbar tukunya mai kunne biyu. Ya shigo da ita ya dire gaban Inna. Ta juya ta, ta ƙwanƙwasa gindinta, ta ce, "To, yau kam na ga gaskiyar da ta zama tukunya. Saura abin sawa a ciki." A daren nan kuwa tuwo aka tuƙa, mai kauri.

Ruwan farko ya sauka ne wata rana bayan azahar. Suna tsakiyar aiki iska ta juyo da ƙamshin ƙasa. Baffa ya saki takarda, ya fito tsakar gida ya tsaya, ruwa na dukan sa, bai ko motsa ba. Da ya dawo ƙarƙashin rumfa sai ya zauna kan turmi. Gona na kiran sa, amma ba shi da ko tiyar iri.

Baba ya ce, "Tashi mu je zaure." Ya buɗe ɗan ɗakin da yake ajiye kayan aiki. Buhun irin gero ne da ƙullin wake, an ɗora su kan duwatsu don gara. "Akwai kuma awaki biyu a gidan abokina na gareji, ɗaya da ciki. Na bar su can ne don kada ka gani ka hana."

"Yaya, wannan ya yi yawa. Wata nawa kana ciyar da mu, sannan kuma..."

"Ba kyauta ba ce. Ni ban iya kyauta ba, tambayi Innarsu. Tun ran da ka zauna kan turmin nan nake ware rabonka. Hannunka ne ya saye su."

Baffa ya durƙusa, Baba ya kama kafaɗarsa ya ɗaga shi. "Haba, Auta, a gaban yara? Je ka ɗaure kaya, ƙasa ba ta jira." Ya ciro igiyoyin shanun daga ƙusa ya miƙa masa. "Ka fara da awaki. Igiya ba ta raina abin da aka ɗaura mata."

Tun daga shekarar, duk rani in an gama girbi Baffa yakan zo ya yi wata biyu a rumfa, ko da rumbunsa cike yake. Ya ce hannunsa ne ke ƙaiƙayi.

Da tsufa ya kama Baba idonsa ya rage gani, amma bai daina ba. Da babban yatsa yake duba aiki, ya shafa ya ce, "Nan akwai saura," kuma in ka kai rana sai ka ga akwai. Samari masu injin gogewa suka yawaita a gari, aiki ya ragu. Bai taɓa zagin su ba. In an kawo masa ƙararsu sai ya ce kowa da zamaninsa, su ma abinci suke nema. Waɗanda suka san bambanci suka ci gaba da zuwa, kuma sun ishe shi.

Kwana uku kafin rasuwarsa na zo da safe na tarar ya ɗan ji sauƙi, an jingina shi da matashi, ya sha kunu. Muka yi hira mai tsawo. Akwai tambayar da na daɗe ina son yi masa, ranar na yi.

"Baba, ka yi shekaru kana tuƙa motar mutane, ka yi wasu shekarun kana gyara ƙafafun motar mutane. Kai ba ka taɓa mallakar ko ɗaya ba. Bai taɓa damun ka ba?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na ba shi ruwa ya kurɓa.

"Uwata, in je ina? Na ga Yamai, na ga Agadas, na ga iyakar hanya, babu abin da ke can da babu a nan. Masallaci taku arba'in ne. Duk wanda nake son gani kuma, da ƙafarsa yake zuwa ya same ni." Ya lumshe ido, sannan ya ce, "Ni kam an ba ni. Ki faɗa wa 'yan'uwanki, kada wani ya ce ubanku bai samu ba."

Ga shi na faɗa, Baba.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya sanyaya makwancinka, ya shayar da kai ruwan da babu ƙishirwa bayansa. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.